Rufin Siton Baba

Queenstown, Tasmania
9 ga Mayu, 1994

Ƙanena Kelvin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Lyndon mai jita da duk wanda ya rage a ƙungiyar kiɗanmu ta Iron Blow. Mu nan lafiya, sai dai ƙirjin Baba. Tarin bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Likita ya ce ƙurar ramin haƙar ma'adinai ce ta shekara talatin, ba inda za ta. Yana cin abinci, yana zagin rediyo, ka san ke nan da sauransa.

Bayan haka, kaset ɗin gwajin da ka aiko ya iso. Sau uku na saka shi ina neman ƙungiyarmu a ciki, ban same ta ba. Wane ne wannan a kan ganguna? Mutum ne ko agogon bango? Daga farkon waƙa har ƙarshe ƙyas, ƙyas, ƙyas, ko numfashi ba ya yi. Ranar da na raka ku jirgin ruwa a Devonport, a gaban Lyndon ka dafa kafaɗata ka ce, "Yaya, wata uku kawai. Baba ya ɗan farfaɗo ki biyo mu, kujerarki ba mai hawa." Yau wata bakwai. Na duba takardarka ciki da baya, ban ga inda ka ambaci kujerar ba, sai labarin wani mai haɗa sauti da ya ce kaza, ya ce kaza.

Ko ka manta inda muka samo sautin da ya sa mutanen Melbourne suka kira mu? Bari in tuna maka, tunda na ga birni ya fara wanke maka kai. Merv Saward maƙwabcinmu aikin dare yake yi a rami, da rana yake barci. Ran da muka fara kiɗa a siton Baba, ya fito da gajeren wando ya ce in ya sake jin ganga zai cusa mini sandunan a hanci. Baba ne ya raba gardamar: in ana ruwa mu yi kiɗa, in ya ɗauke mu ajiye. Ruwan ya daki kwanon Merv ya danne ƙararmu, shi ya yi barcinsa. To a garin nan yaushe ruwa yake ɗaukewa? Shekara shida muna kiɗa ƙarƙashin tsohon kwanon nan ba ma jin juna. Kai kana ihu don ka fi ruwa, Lyndon ya ƙure lasifika, ni ina duka kamar mai faskare. Kaset ɗinmu na farko ruwan yana ciki tun daga waƙar fari har ta ƙarshe. Shi mutane suka so, ba kyan fuskarka ba.

Af, rufin ya fara yoyo, daidai kan babbar ganga. Na lulluɓe gangunan da tamfol. Na ce da Baba a sauya ko kwano ɗaya ne, ya ce shi ya kafa rufin nan da hannunsa shekarar da aka haife ni, da kwanon da aka zubar a ma'aikata, kuma ba mai taɓa masa ƙusa yana raye.

Ka rubuto ka gaya mini ranar da zan taho. Goggo Beryl ta ce za ta zauna da Baba.

Yayarka,
Raelene

*

Melbourne
2 ga Yuli, 1994

Yaya Raelene,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Ki ce masa ya rage zagin rediyo, nan gaba kaɗan ɗansa zai ji a ciki. Ni lafiya lau sai 'yar mura. Lyndon ya aske gashin nan nasa, in kin gan shi ba za ki gane shi ba.

Yaya, ke dai ba kya canzawa. Mutumin da kike kira agogon bango ya yi kiɗa a faifai sun fi ashirin. Bari in gaya miki abin da ban so faɗa ba. Mai haɗa sautin ya saurari tsohon kaset ɗinmu, ya cire abin kunnensa ya ce, "Wa ke soya ƙwai a bayanku?" Duk ɗakin aka tuntsire da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Ruwan da kike taƙama da shi ke nan. Ya kuma ce, kada ki ji haushi, maganar sana'a ce, wai mai gangar tana jan ƙafa, kullum dukanta a makare yake zuwa. A nan akwai abin da ake saka wa mai ganga a kunne yana ƙirga masa lokaci, in ya kauce ko da ƙiftawar ido ne a sake daga farko. Ke da ko maganar Baba ba kya bi, ina za ki bi ta inji?

Don faifan nan kawai aka ɗauko shi. In an gama sai mu ga yadda za a yi. Ki zauna da Baba tukuna, Goggo Beryl ko kyanwarta ba ta iya riƙewa.

Kuma don Allah ki daina auna ni da kunnen mutanen garin nan. Mutum arba'in muke yi wa kiɗa a mashaya, rabinsu gudun ruwa ne ya shigo da su. Garin da ko ciyawa ta ƙi fitowa a filin ƙwallonsa, sai tsakuwa, shi zai koya mini waƙa? Makon jiya a nan mutum ɗari shida muka tara, kuma ba wanda ya jefe ni da kwalba.

Naki,
Kelvin

*

Queenstown
20 ga Fabrairu, 1995

Kelvin,

Ina fatan kana lafiya, murar ta sake ka. Baba ya yi kwana tara a asibiti a Burnie kafin Kirsimeti, yanzu yana gida da tukunyar iska kusa da kujerarsa. Ya ga katinka, ya ce a gode maka, sa hannun ya yi kyau.

Faifan ya iso. Kai, wannan hoto! Ku huɗu cikin fararen riguna a bakin teku, ƙafa ba takalmi, kowa yana kallon nesa kamar wanda motarsa ta tafi ta bar shi. Yaushe ka fara son teku, kai da ka yi amai tun kafin jirgi ya bar Devonport?

Na kira Merv, na dafa shayi, muka zauna mu uku a kicin muka saka. Waƙa ta farko ta wuce. Ana cikin ta biyu Baba ya ce, "Raelene, a wuce tallar sabulun nan a sa mana yaron." Na ce, "Baba, ai yaron ke nan." Ya ce, "Wane yaron?" Merv kuwa ya miƙe ƙafa ya ce, "Ai da tun farko haka kuke kiɗa, da ban taɓa fitowa da gajeren wando ba. Wannan da shi zan riƙa barci."

Sai waƙar kogi ta zo. A nan dariyata ta tsaya. Waƙar da ka rubuta ranar da muka tsaya kan gada muna kallon ruwan nan ja wur da ko kifi ɗaya babu a ciki, waƙar da kake rerawa har jijiyar wuyanka ta tashi, ita ka sa wa goge da muryoyin mata uku suna ta "uuu" a baya? Yanzu in baƙo ya ji sai ya zaci kogin wurin shaƙatawa ne. Makon jiya na ji ta a kantin kayan abinci a Burnie, ina zaɓen dankali. Wata mata tana tura keken sayayyarta tana gyaɗa kai. Wallahi kunya ta kama ni, na bar dankalin na fita.

Maganar jan ƙafa kuma, wata bakwai ina riƙe da ita. Ka gaya wa mai abin kunnen naku ba makara nake yi ba, jira nake. In iska ta kwaso ruwa ta maka a kwano, sai in bar shi ya sauka sannan in bi bayansa. Kai ma kana jira, Lyndon ma yana jira, ba ku dai san kuna yi ba ne. Agogon bangonku me zai jira?

An gama faifai. Ka ce in an gama za mu ga yadda za a yi. To ga ni.

Rufin yanzu wuri huɗu yake yoyo. Bokiti uku da tukunyar miya nake tarawa, kullum da safe in zubar, in ɗaga tamfol in shafa fatun ganguna in ji ko sun sha damshi. Ban matsa wa Baba a kan gyara ba, don na sa a raina wata rana za ku gaji da fararen riguna ku dawo mu ɗauki faifai a nan. Ka gaya mini gaskiya: in ci gaba da tarar ruwa, ko a cire rufin?

Raelene

*

Queenstown
14 ga Oktoba, 1995

Kelvin,

Gaisuwa. Baba yana nan, jiya har ya taka zuwa bakin ƙofa ya zagi karen Merv. Ni ma lafiya, in ka damu.

Wata takwas ke nan ban ji daga gare ka ba. Na san kana raye, don mun gan ka a talabijin da safiyar Asabar, kana motsa baki waƙa tana fita da kanta, jitar Lyndon ko waya ba a jona mata ba. Baba ya ce, "Shi ma wancan wuta aka yanke masa?"

Tambayata tana nan yadda take. Bokiti ya zama biyar. Layi ɗaya ya ishe ni.

Raelene

*

Gold Coast
3 ga Disamba, 1995

Yaya,

Gaisuwa gare ki da Baba, da fatan jiki da sauƙi. Kati ne, ba wuri, kuma mota tana jira. Muna yawon wasa ne, gari goma sha ɗaya. Albishirinki, agogon bangonki ya tafi. Yanzu ba mai ganga ma gaba ɗaya, inji ne, ba ya makara, ba ya rubuto wasiƙar zagi. Sabon faifan na rawa ne, da fiyano, abin da ake yayi ke nan.

Ke kuma da maganar rufi, rufi, rufi! Shekara biyu ba ki da zance sai bokiti. A cire shi mana! A sa sabo, a yi masa silin, a huta. Ba wanda zai sake kiɗa ƙarƙashin wannan tsohon gwangwanin. Barka da Kirsimeti.

K.

*

Melbourne
11 ga Maris, 1997

Yaya Raelene,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya Baba da jiki? Yaya Goggo Beryl da Merv? Wannan ce takarda ta uku da na rubuto tun bara ba amsa. Na buga waya sau biyu, Baba ne ya ɗauka, ya ce kina sito, ya ajiye. Ban san laifin da na yi ba, amma ko mene ne a yi haƙuri.

Ba zan ɓoye miki ba, faifan rawar bai karɓu ba. Masu rawa sun ce mu tsofaffin 'yan jita ne, masu son jita sun ce mun sayar da kanmu. Wasanmu na ƙarshe mutum talatin da ɗaya ne, na ƙirga su daga kan dandali. Mutanen garin nan ba su san abin da suke so ba, yau su ɗaga ka gobe su taka ka. Lyndon yana aiki a shagon gyaran keke da rana.

Amma ji abin mamaki. Wata mai gabatar da shiri a gidan rediyon jami'a ta tono tsohon kaset ɗinmu na sito ta saka waƙar kogi. Waya ta dinga ƙara. Yanzu kowane mako sai ta saka, tana cewa ba ta taɓa jin ganga mai nauyi irin wannan ba, tana tambaya wace ce wannan matar. Yaran da suka taso yanzu duk irin sautin suke nema. Mai haɗa sautin nan, shi da bakinsa, ya ce ai tun farko ya san akwai wani abu a kaset ɗin. Munafuki! Ya gwada sa mana ƙarar ruwa ta inji a bayan sabbin waƙoƙi, sai ta fito kamar an bar famfo a buɗe. Ya sa aka watsa shinkafa a kan tire. Ya sa wani ya hau rufin situdiyo da tiyo. Duk ba shi ba ne. Ya ce sirrin yana cikin tsohon kwanon nan, yadda ya saki, da tsatsarsa, da faɗin ɗakin.

To kamfani ya ba mu dama ɗaya, ta ƙarshe. Sun yarda mu kawo motar ɗaukar sauti Queenstown a watan Yuni, mu yi mako biyu a siton Baba, yadda muke yi da, in ana ruwa mu kaɗa, in ya ɗauke mu jira. Sharaɗinsu biyu ne: ɗakin nan, da ke a kan ganguna. In wannan bai yiwu ba, sun sallame mu, Iron Blow ta ƙare.

Yaya, kujerarki tana nan. Ai na gaya miki tun a Devonport. Ki fara motsa hannu, ki kuma ce da Merv ya sayi abin toshe kunne.

Ƙanenki,
Kelvin

*

Queenstown
19 ga Maris, 1997

Kelvin,

Muna lafiya. Baba yana gaishe ka.

An cire rufin tun Janairun bara. An sa sabo, an yi masa silin, an huta.

Raelene

*

Melbourne
24 ga Maris, 1997

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Don girman Allah me kika yi? Ba Baba ne ya ce ba mai taɓa masa ƙusa ba? Kati ne fa na rubuta a tsaye, mota tana yi mini ham! Maganar rufi kika tambaye ni na ba ki amsar rufi, ban ce komai a kanki ba, ban kuma zaci za ki ɗauka da gaske ba. Yaushe kika fara bin maganata?

Ina kwanukan suke? Kada ki ce an zubar. In suna nan za mu zo da kafinta, a ɓalle silin, a mayar da su yadda suke, ƙusa a ramin ƙusa. Na riga na gaya wa kamfani komai ya daidaita. Ki amsa mini da wuri, ko ki ɗauki waya in na kira.

Kelvin

*

Queenstown
6 ga Afrilu, 1997

Ƙanena Kelvin,

Gaisuwa, da fatan hankalinka ya ɗan kwanta. Baba ya rame, amma bakinsa yana nan. Goggo Beryl ta karye a hannu, ta warke. Merv ya bar aikin rami, yanzu da dare yake barci kamar mutane.

Ka ce me na yi. Ni ban yi komai ba. Ranar da katinka ya zo, Baba ya ce in karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Na karanta, na tsallake layi ɗaya kusa da ƙarshe. Ya ce, "Akwai saura, na ga bakinki ya tsaya." Na karanta masa: ba wanda zai sake kiɗa ƙarƙashin wannan tsohon gwangwanin. Sai ya ce, "Gwangwani ya ce?" Na ce haka ya rubuta. Ya ce, "Shekara biyu kina kwasar ruwa da tukunyar miyata saboda wannan?"

Washegari da hantsi ina shanya, sai na ji ƙarar ƙarfe. Na zagayo na tarar da Baba a kan tsani, ya cire robar iska daga hancinsa ya rataye ta a ƙofa, guduma a hannu. Mutumin da taku goma ke sa shi haki. Na yi ihu, Merv ya tsallako shinge ya riƙe tsanin yana cewa, "Sauko, tsohon banza, za ka mutu mana a nan!" Baba ya ce, "Ni na kafa, ni zan fara cirewa." Ƙusa shida ya zare, ya turo kwanon farko ƙasa, sannan ya yarda muka sauko da shi. Kwana huɗu ya yi a kwance. Sauran aikin Merv da surukinsa suka ƙarasa.

Ka ce amsar rufi ka ba ni. Kelvin, kai ba yaro ba ne. Mace ba ta shekara biyu tana rubuta wa mutum labarin bokiti don tana son bokiti. Ka san abin da nake tambaya, ka amsa a tsaye, mota tana yi maka ham. Na ji, na kuma gode da ka amsa, don da ba ka amsa ba da har yau ina nan ina ɗaga tamfol.

Kwanukan kuwa, goma sha ɗaya sun tafi juji, an daɗe da binne su. Huɗu suna kan akurkin kajin Merv. In ana ruwa sautin Iron Blow yana nan daram a wurinsu, sai ka kawo mai abin kunnen naka ya durƙusa ya ɗauka. Na tambayi Merv, ya ce ba ya hanawa, amma kajin da rana suke ƙwai, a bi su a hankali.

Ko da ka tono na jujin ka mayar, ƙusa a ramin ƙusa, sharaɗin kamfaninku biyu ne, kuma na biyun ya ce a'a. Kujerata ba ta nan, Kelvin. Ka ba agogon bango, ka ba inji, sai da kowa ya tashi ka tuna da mai ita. Ka gaya wa matar rediyon sunana Raelene Triffitt, tunda tana tambaya kuma na ga kai ba ka gaya mata ba.

Ka zo a watan Yuni. Ba da motar ɗaukar sauti ba, kai kaɗai, da jaka ɗaya. Likita bai ce komai ba, amma ni nake yi wa Baba wanka, na san abin da nake gani. Jiya ya tambaye ni ko har yanzu kana amai a jirgi. Ya ce in ka zo a dafa maka naman tunkiya da dankali, kuma kada wanda ya yi maka zancen rufi.

Siton ya yi kyau, za ka gani. Ko ɗigo ba ya shiga. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka rufe ƙofa sai ka ji numfashinka. Gangunan sun bushe, na sauya musu fata. Kullum sai na shiga na kaɗa awa biyu, da ruwa ko ba ruwa, ba na jiran kowa. Silin ɗin nan naka ya yi aiki, ko Merv da ke bayan shinge ba ya ji. Ba mai jin kiɗana ko mutum ɗaya. Na ji an ce kai ma haka abin yake a Melbourne.

Ka taho da rigar ruwa.

Yayarka,
Raelene